Testar fawa saflai mai allon LCD: abin da take iya gaya maka idan sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi

An gama haɗa kwamfutar tebur, an ɗaure noti na ƙarshe, an danna maɓalli, shiru kake ji malam ya ci shirwa. Abin da ake fara tuhuma a irin wannan hali shi ne fawa saflai, wato akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa sassan kwamfuta, kuma sau da yawa ba shi da laifi ko kaɗan. Amfanin wannan 'yar testa ke nan: cikin minti biyu za ta wanke shi ko ta kama shi, ka san inda za ka dosa. Na yi aiki da ita a kan fawa saflai sababbi da na hannu, kuma hukuncina shi ne kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, muddin ba a ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta ba.

Ba testar masu gyaran wutar gida nake nufi ba, mai kama da sukundireba da ɗan ƙwai a ciki. Wannan ɗan baƙin akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, ana sayar da shi ƙarƙashin sunaye barkatai, wani ma babu suna, amma cikinsu kusan ɗaya ne. Gefe guda akwai soket mai fil 24 na babbar wayar madabod, wato babban falan da sauran sassan kwamfuta ke hawa kansa. Ɗaya gefen akwai mai fil 4 da mai fil 8 na furosesa, da mai fil 6 na katin hoto. Sai wurin wayar SATA da ta Molex, masu kai wuta ga faifai da makamantansa, har da ta fulofi, wadda yanzu sai dai a tsoffin injuna. Ba ta da batir, daga fawa saflai ɗin da ake gwadawa take shan wuta.

Kafin a jona ta, a kashe makunnin da ke bayan fawa saflai, a zare duk wayoyinsa daga madabod da katin hoto da faifan ajiya. A tura mai fil 24 har maƙalinta ya ce ƙas, a haɗa ta furosesa, sannan a kunna. Fanka na iya motsawa, allon testar ya kawo haske da lambobi bakwai: +12V1, +12V2, +5V, +3.3V, -12V, 5VSB da PG. Idan ba a saka wayar furosesa ko ta katin hoto ba, gurbin +12V2 zai riƙa ƙiftawa da LL, testar kuma ta cika ɗakin da ƙara. Mutane da yawa a nan suke yanke wa lafiyayyen fawa saflai hukuncin kisa. LL na nufin wutar ta yi ƙasa ko babu ita, HH na nufin ta haura. SATA da Molex kuwa ba a allo suke fitowa ba, 'yan fitilu uku ne ke kamawa, kuma ɗaya bayan ɗaya ake gwada su. Idan aka cusa biyu lokaci guda, mai kyau za ta rufa wa marar kyau asiri.

Lambobin su ne zancen. Ƙa'idar ATX, wato tsarin da ake bi wajen ƙera madabod da fawa saflai, wadda Intel ya fito da ita a 1995, ta daɗe da ba wa manyan layuka uku sassaucin kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Layin 12V daga 11.40 zuwa 12.60 (ATX 3.0 ta 2022 ta sauke ƙasan zuwa 11.20), na 5V daga 4.75 zuwa 5.25, na 3.3V daga 3.14 zuwa 3.47. Shi 5VSB, wanda ke nan a kunne ko da kwamfuta a kashe take, iyakarsa ɗaya da ta 5V, kuma idan ya mutu maɓallin kunnawa ba zai yi komai ba, domin da shi madabod ke jin an danna. Testar lamba ɗaya kawai take nunawa bayan ɗigo. Idan ta rubuta 3.1, ba ka san ko 3.14 ba ne, wanda ke bakin iyaka, ko 3.06, wanda ya faɗa waje. Duk lambar da ta tsaya a gaɓa irin wannan, a tabbatar da ita da maltimita, na'urar auna wuta mai tsinke biyu, kada a jira ƙarar testa ta yanke hukunci.

PG, wato siginar cewa wuta ta daidaita, shi ne abin da ya fi burge ni a na'urar, domin maltimita ba ta iya auna jinkirinsa. Bayan wutar layuka ta daidaita, fawa saflai yana aika sigina ta wayar nan mai ruwan toka cewa komai ya zauna, madabod ya saki furosesa ya fara aiki. Jinkirin da ake so tsakanin daidaituwar wuta da wannan sigina shi ne milisakan 100 zuwa 500. Idan siginar ba ta zo ba, fankoki za su yi ta juyawa, fitilu su kama, monita kuwa baƙi ƙirin, kana ta cire RAM kana mayarwa a banza. Testa ta nuna 0 ko HH a gurbin PG alhali sauran layuka daidai suke, to an kama ɓarawo. Sai dai sababbin fawa saflai an gina su su yi saurin ba da wannan sigina, kusa da ƙasan iyakar, kuma testar takan karanta musu 80 ko 90 ta hau kuka. Wasu sababbin ma babu layin -12V a cikinsu sam. Tsarin testar ya girme su, shi ya sa take ganin laifi inda babu. Haka fitilar -5V da ke jikin wasu: an cire wannan layi daga ƙa'ida tun farkon shekarun 2000, rashin kamawarta ba komai ba ne.

Babban raunin testar shi ne ba ta ɗora lodi, wato ba ta jan wuta kamar yadda kwamfuta mai aiki ke ja. Abin da take ja bai taka kara ya karya ba, ga shi tana ɗaukar zafi idan aka bar ta a jone, don haka a karanta a cire. Fawa saflai mai gajiyayyun kafasita zai iya nuna 12.1 tsaf a kanta, amma da katin hoto ya nemi wat 200 sai layin ya durƙushe, kwamfuta ta ɗauke. Idan testa ta ce ya mutu, a yarda da ita. Idan ta ce lafiya, ma'anarsa yana kunnuwa kuma wayoyinsa na kai wuta inda ya kamata, iyakar shaidarta ke nan. Wanda yake son sanin halinsa a ƙarƙashin lodi sai ya sa baƙin tsinken maltimita a baƙar waya, jan a rawaya ta bayan filogin Molex, kwamfuta tana aiki, ya ga ko lambar na zamewa.

Wani zai ce ai da kilif na ƙarfe da ake maƙale takardu ma ana wannan gwaji. Gaskiya ne: a filogi mai fil 24, a haɗa koriyar waya, fil na 16, da baƙa ta kusa da ita, fil na 17. Idan wayoyin duk baƙaƙe ne kamar yadda ake yi yanzu, a riƙe filogin ramukansa na kallonka, maƙali a sama, a ƙirga na huɗu da na biyar daga hagu a layin sama. Amma abin da kilif ke nunawa kawai shi ne fanka ta juya, kuma fawa saflai da yawa na yanzu ba sa juya fanka sai sun ji lodi ko zafi. Kuskuren ƙirga fil ɗaya kuma yana iya haɗa layin wuta da ƙasa.

Inda testar ta fi cin kuɗinta shi ne fawa saflai mai wayoyin cirewa. Bakin wayar da ke shiga madabod ko faifai iri ɗaya ne ko'ina, amma bakin da ke shiga jikin fawa saflai kowane kamfani da nasa tsarin, wani lokaci har tsakanin samfura biyu na kamfani ɗaya. Waya za ta shiga daram, ta kai 12V inda ake jiran 5V, SSD ta ƙone nan take. Duk wayar da ba a tabbatar daga kwalin wannan fawa saflai ta fito ba, ta fara bi ta testa. Gara a yi asarar testa da a yi ta faifai. Haka rikicin mai fil 8 na furosesa da na katin hoto. Na furosesa yana rabuwa 4 da 4, na katin hoto 6 da 2, kuma jerin wutarsu a juye yake. Siffar ramuka ta bambanta, amma mai ƙarfin hannu yana iya cusawa. Filogin da ya ƙi shiga da sauƙi, ba wurinsa ba ne.

Akwai abin da testa ba ta gani, wato wutar bango. Tsofaffin fawa saflai da masu araha suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Kayan da aka yi amfani da su a Amurka kan zo a kan 115, wutarmu kuwa 230 ce. A jona haka, ƙara ɗaya za a ji da warin ƙuna. A duba shi kafin filogi ya taɓa soket. Sababbi masu karɓar 100 zuwa 240 ba su da wannan makunni, sai dai wasunsu ba sa jituwa da ƙananan UPS da inbata waɗanda wutarsu ba tsantsar sine ba ce, wato ba ta da santsi irin na wutar bango, sukan ɗauke daidai lokacin da aka koma kan batir. Gwajin farko a yi shi a kan wuta tsayayya.

To testa ta wanke fawa saflai, kwamfuta kuma har yanzu ba ta tashi ba. Idan ko fanka ba ta motsi, a nufi 'yan wayoyin gaban akwati. A zare mai rubutun POWER SW, a duba littafin madabod a gano fil biyunta, a taɓa su tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. Ta tashi, matsalar maɓalli ce ko an saka wayar a gurbin da ba nata ba. Idan fanka ta yi ɗan motsi ta tsaya, fawa saflai ne ke kare kansa daga haɗuwar waya, kuma wanda aka fi kamawa shi ne ɗan dogarin tagulla da aka bari a ƙarƙashin madabod inda babu ramin noti. Cikakken ATX galibi rami 9 gare shi, micro-ATX bai kai haka ba, akwatuna kuma kan zo da dogarai a ɗaure tun daga kamfani. A fito da madabod a ɗora a kan kwalinsa, ba kan ledar da ya zo a ciki ba, a bar furosesa da abin sanyaya shi, RAM ɗaya, da wayoyi biyu, mai 24 da mai 8. Lokacin hunturu a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kaya, saboda wutar da jiki ke tarawa a busasshiyar iska.

Idan fankoki na juyawa monita bai kawo ba, yawancin madabod na yanzu suna da fitilu huɗu a gefe: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ce inda aka maƙale. CPU, a fara da wayar mai fil 8 da ke saman kusurwar hagu, ita aka fi mantawa. Sannan a duba lanƙwasassun fil, a jikin furosesa idan nau'in soket ɗinsa AM4 ne, a cikin soket idan AM5 ne ko LGA1700. DRAM, a danna RAM har ta zauna ta kowane gefe, musamman a ramukan da maƙali ɗaya kawai ke buɗewa, inda ɓangaren ƙasa kan tsaya rabi. Sandar RAM biyu a madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga furosesa ake sakawa, A2 da B2. A kan AM5 da DDR5, tashin farko yakan ɗauki mintuna fitilar DRAM na kunne yayin da madabod ke daidaita RAM, mai gaggawa sai ya kashe ya ce ta lalace. VGA, a duba inda wayar monita take: Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F ba su da sashen hoto a cikinsu, ramin HDMI na madabod ba zai ba da komai ba. BOOT kuwa a sabuwar kwamfutar da ba a sa wa Windows ba, albishir ne.

Saura BIOS, ƙaramar manhajar cikin madabod da ke fara tada kwamfuta, idan ya girmi furosesa. Madabod B550 ya fito a tsakiyar 2020, Ryzen 5000 a Nuwamba na shekarar, don haka madabod ɗin da ya daɗe a shago bai san furosesan ba. Haka B660 da Intel ƙarni na 13. Idan madabod na da maɓallin sabunta BIOS a baya, filash mai tsarin FAT32 ya isa, ko furosesa ba a buƙata, wayoyin wuta biyu kawai. A MSI sunan fayil ɗin MSI.ROM ake mayar da shi, a Gigabyte kuma GIGABYTE.bin, a saka a ramin USB da aka yi wa alama. Fitila za ta yi ta ƙiftawa na wasu mintuna, kuma kada a fara sai da UPS ko wutar da aka tabbatar ba za a ɗauke ba.

Madabod ɗin da ba shi da fitilun nan, ɗan lasifikar madabod mai fil 4 yana maye gurbinsu, kuma na fi son a saye shi tare da testar. Ƙara ɗaya gajere a yawancin madabod na nufin an wuce gwajin farko. A cire RAM gaba ɗaya a kunna: idan ya yi ta kuka, furosesa da madabod suna raye, a koma kan RAM da katin hoto. Idan shiru, a zare wuta, a cire ɗan batirin madabod, CR2032, na minti biyar a mayar, a kuma auna shi, 3V ake nema.

Mai haɗa kwamfuta ɗaya a shekara biyar zai iya aron testar ko ya wadatu da maltimita. Mai shago, ko mai sayen fawa saflai na hannu, ya sa ta a aljihu ya gwada a gaban mai kaya kafin ya biya. Irin wadda na yi aiki da ita ba ta da soket na sabuwar wayar katin hoto mai fil 16 da ta zo da ATX 3.0 a 2022, wadda ke ɗaukar har wat 600, don haka ita wannan sai dai a duba da ido a tabbatar ta shige har ƙarshe, babu ko siririn tsagi tsakanin filogi da soket.