GARGAƊI: Mai sayar da yadin labule a intanet, mita 42 muka yi da shi, ku ga abin da ya aiko

Jama'a, masu ɗinkin labule da masu ƙawata ɗakuna, ku yi hattara da wani mai shafin sayar da yadin labule a Instagram. Ba zan ambaci sunansa a nan ba, shafin ma ya riga ya canza suna, kuma lambar da muka yi magana da ita tana kashe. Salon damfararsa nake so ku gane, don gobe da wani sunan zai dawo.

Mita 42 muka yi da shi. Mita 42 na yadi mai faɗin santimita 280, mai hana haske shiga, launin toka. Na ba shi kashi 70 cikin 100 na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sannan na biya kuɗin dako na kilo 40. Ku riƙe waɗannan lambobin: mita 42, faɗi 280, kashi 70, kilo 40.

Kafin wani ya zo yana ce min ai sayen kaya a waya ganganci ne, bari in faɗi abin da na yi. Ban tura ko sisi ba sai da samfur ya zo hannuna. Na yanki murabba'i, santimita 10 kowane gefe, na ɗora a ƙaramin sikeli, ya ba ni giram 3.2. A ninka sau 100, giram 320 ke nan a kowace murabba'in mita, wanda shi ne nauyin yadin labule na kirki. Na warware zare a bakin samfurin, na ga baƙin zaren nan da ake saƙawa a tsakiya, tsakanin fuska da baya, wanda shi ke tare haske. Na kunna fitilar waya na manna ta a bayansa cikin duhu, ɗan ɗigon haske ne kawai ya fito. Na jiƙa farin ƙyalle na goga, bai zuba ba. Na wanke rabin samfurin na shanya na sake aunawa, bai tsuke ba. To me kuma ya rage? Duk wanda ya san yadi abin da zai yi ke nan. Samfurin na gaske ne, wallahi na gaske ne, yana nan a ajiye a wurina.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar nan tasa. Ni na fara cewa zan ba da rabi. Sai ya turo saƙon murya, a natse, ba gaggawa: "Hajiya, ni da ke ai an zama ɗaya. Ki ba da kashi 70 don in fitar da kayan daga sito, sauran 30 ɗin ki riƙe a hannunki sai kaya sun iso kin auna. In bai yi miki ba, ki dawo min da abina." Shi da bakinsa ya ce in riƙe sauran. Shi ya ce in auna. Na saurari saƙon nan har na haddace shi, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, babu. Mutumin da ya ce ki riƙe kuɗinsa sai kin gamsu, ta ina za ki zarge shi? Ashe kashi 30 ɗin nan bai taɓa sa ransa a kai ba. Abin da ya aiko, in aka bi nauyi, kusan rubu'in abin da muka yi ciniki ne. Ya karɓi kashi 70, ya ba da kayan kashi 26. Wai "ki riƙe sauran".

Bari in yi lissafin a fili, don wanda bai san aikin ba ya ga ba son rai ya sa na ce mita 42 ba. Aikin labulen da aka ba ni tagogi 6 ne, kowace sandar labulenta santimita 200. Labule mai kyan tattara yana cin faɗin sandar sau biyu da rabi, wato santimita 500 kowace taga, a ƙara 20 na kalmasar gefe, mita 5.2 ke nan. Sau 6, mita 31.2. Sai babbar ƙofa mai sandar santimita 300, ita ta ci mita 7.7. An tashi kusan 39. Na ƙara mita 3 na ko-ta-kwana da maɗaurai, 42. Wannan lissafin yana tafiya ne kawai in faɗin yadin 280 ne, domin shi ake juya shi, faɗinsa ya zama tsawon labulen: 250 daga sanda zuwa ƙasa, 30 na kalmasar sama da ƙasa, kuma ba haɗi ko ɗaya a jikin labulen. Dalilin da ya sa ake biyan tsadarsa ke nan.

Abin da ya zo faɗinsa 150 ne.

Na san tambayar da za ku yi: ba ki ga bandir ɗin ba kafin a turo? Na gani. Mun yi kiran bidiyo, ya nuna min bandir biyu a jingine da bango, a cikin leda. A nan dabarar take, kuma ina so masu sana'a su lura sosai. Yadi mai faɗin 280 sau da yawa ninke shi ake yi biyu kafin a naɗe a jikin bututun kwali, don haka tsayin bandir ɗinsa bai wuce santimita 140 da ɗan wani abu ba. Yadi mai faɗin 150 kuwa falle ɗaya ake naɗe shi. In an jingine su a bango cikin leda, ta waya, tsayinsu kusan ɗaya ne. Bambancin yana kan bandir ɗin: wanda aka ninka, gefe ɗaya za ki ga lanƙwasar ninki, ɗaya gefen kuma bakin yadi biyu a haɗe. Shi kuwa bai taɓa juya kyamara ta kalli kan bandir ba. Ya ɗora tef a tsaye, ya ce "kin ga 145, a ninke yake", ya ɗaga wani yadi da ke kan tebur ya haska masa fitila. Wanda ke kan tebur irin samfurina ne. Na cikin ledar ba shi ba ne.

Na tsallake maganar dako. Tun kafin wannan kiran, ko bayansa da kwana ɗaya, ya turo hoton takardar dako da aka rubuta kilo 40. Kuma kilo 40 ɗin ya yi daidai da lissafi, shi ya sa ban ɗaga gira ba: mita 42 sau 2.8 ya ba da murabba'in mita 117.6, a giram 320 kilo 37.6 ke nan, da kwali da leda a ce 40. Mutumin ya san yadi, ba ɗan koyo ba ne. Ya san lambar da za ta shiga kan wanda ya san aiki. Kayan da suka iso kuwa yaro ɗaya ne ya ɗauko bandir biyun a kafaɗa yana tafiya yana duba waya. Kilo 40 ba a yi masa wannan ɗaukar. Da na ɗora su a sikeli, har da kwalayensu, ba su kai kilo 12 ba. Na biya dakon kilo 40, kayan ba su kai 12 ba.

Sai tsawo. Na shimfiɗa na auna, mita 38.4. Na sake aunawa, 38.4. Yadi 42 ya auna min maimakon mita 42. Yadi ɗaya santimita 91.44 ne, mita kuwa 100, don haka a 42 an ci mita 3.6 ba tare da an taɓa almakashi ba. A rubuce na ce masa mita, a rubuce ya amsa mita, a rasit kuma ya rubuta "42" kawai ba tare da ya ce na mene ne ba. Zan sa hoton rasit ɗin ku gani da idonku.

Ku haɗa duka. Na yi cinikin murabba'in mita 117.6. Na samu 38.4 sau 1.5, wato 57.6. Ko rabi bai kai ba. Kuma yadi mai faɗin 150 ba a juya shi, sai dai a yanka falle-falle, kowane falle santimita 280, a haɗa su gefe da gefe. Taga ɗaya tana cin falle 4, mita 11.2. Mita 38.4 falle 13 zai ba da, tagogi 3 ke nan da falle ɗaya a banza. Tagogi 3 cikin 6, ƙofa kuma ko a lissafi ba ta shigo ba.

Ko tagogi ukun ma ba za su ɗinku ba, domin yadin kansa ba shi ba ne. Na yanki murabba'in santimita 10 kamar yadda na yi wa samfur, giram 1.7. Giram 170 ke nan maimakon 320. Na warware bakinsa, babu baƙin zare a tsakiya, saƙa ce falle ɗaya. Na haska fitilar waya a bayansa, har zanen yatsuna ana gani ta ciki. An sa masa sitaci ne ya yi ƙarfi a hannu, shi ya sa in ka taɓa ta cikin leda sai ka ji kamar mai kauri. Na jiƙa guntu a ruwan ɗumi, ruwan ya yi fari-fari, yadin ya fito laƙwas kamar tsohon ɗankwali. Irin wannan ko an buga masa zobba ba zai riƙe tattara ba, kuma nauyin zobban yana yaga shi ta sama in ba a sa masa tef mai kauri ba. Bandir biyun ma launinsu ba ɗaya ba ne, ɗaya tokar ta karkata ga shuɗi, ɗaya ga ruwan ƙasa. Ba rini ɗaya aka yi musu ba. A ɗaki da dare ba za ka lura ba, amma a rataya su kusa da juna rana ta bugo, kowa sai ya gani.

Na manta ban faɗi ba, tun farko ya yi min maganar cewa akwai auduga a cikin yadin. Na ƙona zare daga wanda ya zo: narkewa ya yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, yana warin roba. Auduga ci take yi da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Wannan kam roba ce zalla. Yadin roba ba laifi ba ne a labule, yawancin masu hana haske ma da shi ake yin su, amma kada a ce min auduga a karɓi kuɗin auduga.

Da na kira shi, da farko ya ɗauka. Ya ce yaran sito ne suka yi kuskure, suka ba ni kayan wata mata. "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi kunya ta kama ni." Ya ce in turo sauran kashi 30 ɗin don a fitar da nawa na gaske, in ya iso sai in mayar da wannan. Kun ji fa. Kashi 70 na hannunsa, dakon kilo 40 na hannunsa, yana neman sauran. Na ce ya fara turo kayan. Daga nan saƙonninsa suka fara ɓacewa a WhatsApp, ya goge na kwana-kwanan nan, hotunan da ya turo kuma ashe yawancinsu irin na gani sau ɗaya ne. Allah Ya sa na riga na tura saƙon muryar nan zuwa wata wayar, na kuma ɗauki hoton hirarmu ta farko inda ya rubuta mita da faɗi 280. Washegari ya toshe ni.

Wata ta ce min wai ai mabiyansa ne suka ruɗe ni. Ba mabiya na bi ba, samfur na bi, sikeli na bi. Amma tunda an kawo maganar: bayan abin ya faru na shiga bayanin asusun, inda Instagram ke nuna lokacin da aka buɗe shi da sau nawa aka canza masa suna, na ga an sha canzawa. Na sa hotunan ɗakunan da yake cewa aikinsa ne a Google Lens, manhajar binciken hoto, suka fito a shafukan wasu masu ƙawata gida na wasu ƙasashe. Asusun bankin da ya ba ni kuma sunan mutum ne daban, ba sunan shagon ba. Da na tambaya a lokacin ya ce na ƙaninsa ne mai kula da sito. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa haka suke yi, kowa ya sani, kuma da su muke hulɗa lafiya.

Yanzu mai aikin yana jiran labulensa, sanduna 7 an kafa su a bango, zobba da tef na saya, kuma mita 42 ɗin sai na sake saye daga aljihuna. Mita 42.

Shawara, a taƙaice. Samfur ba hujja ba ce, a yanko miki daga bandir ɗin da za a turo, a gaban kyamara, a rubuta sunanki da alƙalamin maka a bakin yadin. A cire leda, a nuna kan bandir, a warware a ɗora tef a faɗinsa daga baki zuwa baki. A ɗora shi a sikeli kina kallo. A rasit a rubuta mita ko yadi, faɗi, nauyi da lambar rini. In akwai wanda kika sani kusa da mai kayan, ya je ya gani kafin kuɗi su fita. Kaya in sun zo, a auna nauyi kafin a sa hannu a takarda.

Na kai ƙara banki da wurin hukuma, na ba su lambar asusun. Hotunan hirar, rasit, takardar dakon kilo 40 da hoton samfur kusa da yadin da ya zo a kan sikeli, zan ɗora su da zarar na rufe sunaye da lambobin da ke jiki. Wanda aka yi wa irin wannan da yadi launin toka ko ruwan madara, aka ce masa ya riƙe kashi 30, ya yi min magana ta akwatin saƙo mu gwada lambobin asusun, mu ga ko mutum ɗaya ne.