Gargaɗi ga masu neman tsohuwar Marsandi a Yamai: hoto ba takardar mota ba ne

Jama'a, a yi hattara da masu tallar tsofaffin Marsandi a Facebook da zaurukan WhatsApp na Yamai. Sukan ɗora tsohon hoto mai baƙi da fari, ga wani babban mutum cikin babbar riga a gefen mota, su ce ta wani minista ce na zamanin Diori Hamani, tana ajiye a wani gida a Tawa, magada ne ke son rabuwa da ita. Sai a ce ka turo kafin alƙalami yau-yau, wai akwai wani Alhaji da ke hanya. Sun san tsakanin Yamai da Tawa ya haura kilomita 500, ba kowa zai tashi takanas don ganin mota ba.

Wadda suka fi kira ita ce 300 SEL 6.3, don ita ce mai tsada: guda 6,526 kacal aka ƙera daga 1968 zuwa 1972. Jikinta kusan ɗaya ne da na 280 SE da 280 SEL, waɗanda aka yi da yawa kuma kuɗinsu bai kai nata ba ko kusa. A hoto da wuya ido ya raba su. Tambarin 6.3 na bayan but kuwa, cikin minti kaɗan ake liƙa shi.

A fara da shekara. In an ce hoton na bikin samun ƴancin kai ne, 3 ga Agusta 1960, magana ta ƙare, domin wannan jiki bai fito ba sai 1965. Marsandin 1960 ko mai fikafikai a baya ce, ko mai kumburarren jiki ta shekarun 1950. A kuma saka hoton a Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa sai ka gan shi a shafin gwanjo na Jamus ko Faransa, an dai yanke lambar motar.

Abin da ke raba gardama shi ne lambar shasi. Ta 6.3 tana farawa da 109.018, ta 280 SE da 108.018, ta 280 SEL da 108.019. Ku lura, tsakanin ta farko da ta biyu lamba ɗaya ce tak ta bambanta, kuma mayar da 8 ta koma 9 ba aiki ba ne ga mai gudumar buga lamba. Saboda haka kada a tsaya ga ɗan allon lambar da aka ɗaure da ƙusa. A goge maiƙo, a haska tocila kan lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi cikin ɗakin inji. In wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko akwai sabon fenti ko alamar walda, an taɓa shi. Sannan a gwada ta da abin da ke cikin kartigiris (takardar rajistar mota) da takardar duwan (kwastan).

Injin ma ba ya ƙarya. Na 6.3 silinda takwas ne, lambarsa na farawa da 100.981, na 280 na asali shida ne a jere. Duk 6.3 giyarta otomatik ce, in ka ga kuloci ka juya. Ƙafafunta kuma jakunkunan iska ne ke ɗauke da su. Motar da aka ce ta shekara talatin a ajiye ya kamata a same ta ta zauna ƙasa, iska ta fice. In tana tsaye ƙyam, leƙa ƙarƙashi: za ka tarar da sifirin na ƙarfe, wato mai shasi 108 ce, ba 6.3 ba.

Ko da motar ta gaske ce, maganar magada sai an bi ta a hankali. A nemi takardar rabon gado da sa hannun duk masu haƙƙi, in ba haka ba gobe wani ɗa ya kai ka gaban alƙali. Kafin tafiya, a sa mai tallar ya ɗauki bidiyo yana riƙe da takarda mai kwanan watan ranar kusa da lambar shasi. Wanda ya fara kame-kame a nan, ba shi da mota. Wanda kuma aka riga aka karɓe masa kuɗi, ya adana rasidin turawa da saƙonnin murya, ya kai wa ƴan sanda ko jandarma tun lambar wayar ba ta mutu ba.