Sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi: a sauya PSU, ko a fito da madabod waje?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa kwamfutarka da hannunka, kaya duk sababbi daga kwali, ka danna makunni amma ko fanka ba ta motsa ba. Wani ya ce maka PSU, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, shi ne ya zo a mace, ka nemo wani ka gwada. Wani kuma ya ce ka kwance komai, ka fito da madabod, wato babban allon da sauran kaya ke hawa kansa, ka tayar da shi a kan tebur. Kana son sanin wanne ya kamata ka bi.

Na san yadda abin yake sosa rai. Mutum ya wuni yana ɗaure sukurori, ya jera wayoyi tsaf ta baya, a zo wajen kunnawa sai a ji shiru. Ka kwantar da hankalinka. A iya abin da na gani a sababbin haɗi, abin da ya fi yawa shi ne wani fulogi bai zauna ba, ko ya shiga inda ba gurbinsa ba. Kaya su zo a lalace daga kamfani yana faruwa, amma bai kai wancan yawa ba. Da wannan ma'aunin zan auna maka shawarwarin biyu.

Kafin ka taɓa ko ɗaya, akwai dubawar minti biyar. Makunnin da ke bayan PSU ya kasance a kan I, ba O ba. Babban fulogi mai ƙafa 24 yana da tauri ƙwarai, ka danna shi har maƙallin gefensa ya kama, kada ka bar rata ko ta farce. Sai na CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai ƙafa 8, can kusurwar sama ta hagu, wanda aka fi mantawa da shi saboda na'urar sanyaya CPU kan rufe wurin. Yana rabuwa huɗu da huɗu, shi kuwa na katin hoto shida da biyu yake rabuwa, kada ka musanya su. Daga nan ka duba ko akwai wata 'yar fitila da ke ci a jikin madabod alhali kwamfutar tana kashe. PSU yana da layin bolt 5 na jiran aiki, wanda ke ba da wuta muddin fulogi yana bango. Idan fitilar tana ci, wuta tana isowa, zargin da ake wa PSU ya ragu ke nan. Idan ba ta ci kada ka yanke hukunci, ba kowane madabod ke da ita ba.

Hanyar PSU iri biyu ce. Akwai gwajin guntuwar waya. Ka kashe makunnin bayansa, ka zare duk fulogansa daga madabod da sauran kaya, ka lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda, ka haɗa rami na 16 a babban fulogin da na gefensa, na 15 ko na 17. Na 16 shi ne mai koriyar waya, ta nan madabod yake ba PSU umarnin tashi, na gefen nasa kuma baƙaƙe ne. Idan ka kunna fankarsa ta juya, yana da rai. Sai dai gwajin yana da tarko. PSU da yawa na yanzu wayoyinsu duk baƙaƙe ne, don haka sai ka ƙirga ramukan daga zanen da ke littafinsa, kada ka yi cinta. Wasu kuma an tsara su ne fankarsu ba ta juyawa sai nauyi ya hau su, sai ka ɗauka matacce ne alhali lafiyarsa lau. Mitar auna bolt ce ke raba gardama a nan: layin rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo 3.3, kuma ƙa'idar ATX, wadda masu ƙera PSU ke bi, ta yarda da sauyin kashi 5 cikin ɗari, wato layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Ko duk wannan ya yi daidai, abin da ka tabbatar kawai shi ne yana tashi ba kaya a kansa.

Iri na biyu, ka aro PSU da aka san yana aiki a wata kwamfutar. Wannan ya fi ƙarfin hujja. Amma ina roƙonka, idan irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne, ka yi amfani da wayoyin da suka zo tare da shi kaɗai. Bakin da ke shiga madabod iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga jikin PSU kowane kamfani da tsarinsa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sukan bambanta. Fulogin zai shiga lafiya, amma bolt 12 ya tafi inda 5 ya kamata ya je, ya ƙone maka ma'ajiyar bayanai nan take. Mutane kan faɗa wannan ramin ne saboda ganda: sun riga sun jera tsofaffin wayoyin a bayan kes, wato akwatin kwamfutar, ba sa son warwarewa.

To, a ce ka sa na aron, shi ma shiru. Me ka ƙaru da shi? Ka wanke abu ɗaya daga zargi, sauran duk suna nan: makunnin gaba, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da CPU ke aiki da ita), katin hoto, CPU, madabod, har da shi kansa kes ɗin. Nan ne raunin wannan hanyar. Tambaya ɗaya take amsawa.

Fito da madabod waje kuwa yana cin lokaci, kuma yana da ciwo ka warware aikin da ka gama. Amma ba ya buƙatar ka aro komai ko ka sayi komai. Ka ɗora madabod a kan kwalinsa, ba a kan ledar nan mai sheƙi da ya zo a ciki ba, don wutar lantarki na iya bi ta bayan wasu ledojin. Ka bar CPU da na'urar sanyaya shi, fankarsa a gurbin CPU_FAN, RAM guda ɗaya tak a gurbin da littafin ya nuna, galibi A2, na biyu daga ɓangaren CPU. Fulogi mai ƙafa 24 da mai ƙafa 8. Shi ke nan. Ba ma'ajiya, ba wayoyin USB na gaba, ba fitilun ado. Sai ka nemo 'yan ƙafafu biyu da aka rubuta wa PWR_SW ko PWR_BTN a kusurwar ƙasa ta dama, ka taɓa su tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. Abin da maɓallin gaban kes yake yi ke nan, ba wani abu ba, don haka babu haɗari muddin waɗannan biyun ka taɓa.

Idan ya tashi a kan kwali, ka wanke PSU, CPU, RAM da madabod a lokaci guda. Laifin yana ga kes, ko ga wani abu da ka cire. Sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana kashe wuta kafin kowane ƙari, har ka isa kan wanda ya mayar da shirun.

Na taɓa zama da wata kwamfuta mai ciwo kusan irin na taka. An riga an sauya mata PSU, bai yi magani ba. Da muka ɗaga madabod ɗin, ƙarami ne, microATX, sai ga wani turke na tagulla, irin waɗanda ake ɗaura madabod a kansu, yana tsaye inda babu ramin sukuru a sama. Kes ɗin ya zo da shi a ɗaure daga kamfani. Kansa yana taɓa daidai inda aka yi dalma a bayan allon, har ya bar ɗan tabo mai sheƙi kamar an ɗiga alli. PSU yana jin wuta ta haɗu sai ya katse kansa don kariya, shi ya sa fanka kan yi ɗan motsi kamar za ta tashi, ta tsaya. Muka kwance turken, kwamfuta ta kama, da PSU ɗinta na farko. Da za a sauya mata PSU goma, haka za su yi. Irin wannan ne da 'yan harsunan farantin ƙarfe na baya da kan lanƙwashe su shiga ramin USB, da sukurun da ya faɗi ya maƙale a ƙasan allo. Duk ba a ganinsu sai an ɗaga.

Mafi sauƙi a cikinsu wayar makunnin gaba ce. Ƙafafun nan ƙanana ne, a cunkushe, kuskuren jeri ɗaya ya isa ya sa maɓalli ya zama ado. Wayar makunni ba ta da gaba da baya, duk yadda ka juya ta daidai ne, na fitilu ne ke da alamar ƙari da ragi. Wannan kam ko ba ka fito da madabod ba kana iya gwada sukundireba a cikin kes, kuma ina ba ka shawara ka fara da shi.

Akwai kuma wani hali da ake yawan rikitawa da naka. Idan a kan kwalin fankoki suna juyawa amma monita baƙi ƙirin, batun PSU ya ja baya sosai. Madabod da yawa suna da fitilu huɗu a jere, CPU, DRAM (na RAM), VGA (na hoto), BOOT (na ma'ajiyar da ake tashi daga ita), wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. RAM nau'in DDR5 kan ɗauki mintoci a kunnawar farko yana daidaita kansa, musamman a kan madabod mai soket (gurbin CPU) AM5 na kamfanin AMD, sai mutum ya ƙosa ya kashe a tsakiya. CPU na Intel mai harafin F a ƙarshen lambarsa ba shi da sashen hoto a ciki, haka Ryzen 5600 na AMD, don haka dole a sa katin hoto kuma wayar monita ta shiga jikin katin. Madabod na B450 da ya daɗe a ajiye kuma yana iya ƙin gane Ryzen 5000, waɗanda suka fito a 2020, sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod da ke tayar da shi. Babu ko ɗaya daga waɗannan da sabon PSU zai warware.

Da ni ne kai, sukundireba a kan ƙafafun makunni zan fara, a cikin kes. In shiru, in yi gwajin guntuwar waya tunda ba ya cin minti goma. Idan PSU bai tashi ba kuma mita ba ta ga komai ba, magana ta ƙare, ka mayar da shi a garanti, kada ka kuskura ka buɗe murfinsa, akwai kayan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare shi daga bango. Idan ya tashi, sai kwali. Aron PSU sai a ƙarshe, a kan kwalin, lokacin da abin zargi bai wuce huɗu ba. Idan na aron ma bai tayar da shi ba, ka cire CPU a hankali ka haska fitilar waya a karkace: a soket LGA1700 na Intel da AM5 ƙafafun suna cikin soket ɗin madabod, a AM4 na AMD suna jikin CPU. Ƙafar da ta lanƙwashe tana ƙyalli daban da sahun 'yan'uwanta. Ka ɗauki hoton soket ɗin a fili kafin ka mayar da murfin robarsa, don akan nemi ganin halin da yake ciki idan za ka mayar da madabod.