Hattara da mai "sabunta tambarin tsofaffin motoci": na asalin yake hari

Jama'a a yi hattara, musamman masu riƙe da tsofaffin motoci irin su Fijo 404 da 504, da Marsandi ta da, da Volkswagen mai ƙusumbi. Akwai wani mutum da ke tallata kansa a Facebook da Instagram, yana kuma kutsawa zaurukan WhatsApp na masu sha'awar irin waɗannan motoci, wai shi gwani ne wajen sabunta tambarin mota da ruwan rezin, wato wani ruwan roba da ake zubawa ya ƙame ya yi tauri. Ka turo masa tsohon tambarinka da ya dafe ko ya tsattsage, ya mayar maka da shi fes kamar yau aka fito da shi daga kamfani. Ba zan kama suna ba, don sunan shafin ma ba ya daɗewa, da an fara yi masa ƙorafi sai ya rufe ya buɗe wani. Salon aikinsa ne dai ba ya canzawa, shi ya kamata a sani.

Yawancin waɗanda suka ji labarin sun ɗauka damfarar ta tsaya a kuɗin kafin alƙalami da yake karɓa. Ina! Wannan kuɗin na cefane ne kawai. Abin da yake hari shi ne tambarinka na asali, wanda ya zo tare da motar.

Wanda bai shiga harkar ba zai ce mene ne abin sata a ɗan zakin tambarin Fijo da bai kai tafin hannu ba. To, 404 ta fito tun 1960, 504 kuma a 1968. Kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, har aka kai lokacin da kusan duk ofishin gwamnati da tashar mota Fijo ce ke cike da su. Yau fa? Akasarinsu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, an farfasa an auna a sikeli. A cikin waɗanda suka tsira ma, tambari ne ke fara tafiya: rana ta cinye shi, ko mai fenti ya ɓalle shi da sukundireba ya karya ƙafafun da ke riƙe shi a jikin mota, ko yaran unguwa su fizge, kamar yadda aka daɗe ana yi wa tauraron Marsandi. Ka sha yawo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ka aika Ladipo a Legas, da ƙyar ka samu mai lafiya. A Faransa da Jamus kuwa akwai masu tara waɗannan motoci da suka fi son tambarin asali ko da da tsaga, a kan sabon kwafi mai walƙiya, kuma da yuro suke biya. Mutumin nan ya san da haka, mu ne dai ba mu ɗauki abin da ke hannunmu da daraja ba.

Ga yadda yake yi. Zai fara da hotuna da bidiyo masu ɗaukar ido, na "kafin gyara" da "bayan gyara". Ka lura da kyau, ba za ka taɓa ganin fuskarsa ko shagonsa a ciki ba, hannaye ne kawai cikin safar roba, kan teburin da ko alamar ƙurar ƙasar nan babu. Idan ka yi masa magana, zai cika ka da ladabi: "Ranka ya daɗe, wannan ƙaramin aiki ne. Amma sai ka turo min na asalin in ɗauki ma'auni, don kada a samu kuskure." Sai ya ce a ba direba a tasha, a tura rabin kuɗi ta wani asusu da sunan da ke kai ba nasa ba ne, wai na ƙaninsa ne. Daga nan sai jan rai. Yau babu wuta, gobe rezin bai bushe ba, jibi an yi masa rasuwa. Wasu daga nan ake toshe lambarsu, shi ke nan. Wasu kuwa, waɗanda ya ga alamar za su iya tayar masa da hankali, yakan turo musu wani abu a kwali.

Na ga irin wannan abin da idona a hannun wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke lallaɓa 404 ɗinsa tun ta ƙuruciya. Ya kira ni yana murna wai tambarin gaban motarsa ya dawo. Daga nesa kam ya yi kyau, zaki ruwan zinare yana sheƙi a ƙarƙashin wani abu garai-garai. Da na karɓa sai na ji babu nauyi. Na juya bayansa: sumul, babu ƙafafun da ke shiga ramukan gaban mota, sai tef mai manne biyu da aka yanka da almakashi a karkace. Na ɗaga shi a rana, ga ƙananan kumfa birjik a gefen wutsiyar zakin, har da silin gashi guda da ya maƙale a ciki. Zakin kansa ba shi da tudu ko kwari, hoto ne aka buga a takardar sitika, in ka matso da shi kusa da ido kana ganin ɗigo-ɗigon tawadar firinta. Na danna farce a baki, ya lotsa, ya bar shaida. Na ce, "Baba, wannan ba naka ba ne." Ya ce ai gyara aka yi masa. Na ce, "Baba, naka akwai 'yar karaya a kusurwar hagu ta sama, kai ka nuna min ita. Ina take? Kuma ina ƙafafunsa?" Ya daɗe yana jujjuya abin bai ce komai ba. Da ya kira lambar, sai aka ce masa wai na asalin ya farfashe wajen aiki, an zubar. Da ya ce a turo masa ɓaraguzan, ba a sake ɗaga wayarsa ba.

Kada wannan ya sa a ce sana'ar ce ƙarya. Aikin rezin sana'a ce ta gaske, akwai masu yin ta tsakani da Allah, kuma sanin yadda ake yin ta shi zai raba ka da macuci. Tambarin da iri-iri ne. Wani ƙarfe ne da aka yi wa ruwan kurom. Wani tagulla ce da aka narka wa garin gilashi mai launi a wuta. Wani kuma roba ce mai haske kamar gilashi, wadda aka zana siffar a bayanta, aka shafa launi da ruwan zinare ta baya, shi ya sa in ka kalle shi ta gaba sai ka ga kamar zakin yana can cikin ruwa. Wannan na ukun shi rana ta fi ci, ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasar fadama a bazara. Mai aikin gaskiya yakan goge shi, ya cike tsagar, sannan ya zuba masa ruwan silikon, wanda ke ƙamewa ya zama roba mai laushi, ya fitar da mazubi mai ɗauke da duk wani tudu da kwari na gaba da baya. A cikin mazubin yake zuba rezin, ya sa a tukunyar matsin iska don kumfa ta mutu, ya bar shi ya ƙame, sannan ya yi fentin ta baya launi bayan launi, ya dasa ƙafafu. Silikon ba ya cin tambari. Idan an gama, na asalin yana nan, kuma hannunka ya kamata ya dawo tare da sabon. Duk wanda ya ce maka dole na asalin ya salwanta kafin a samu kwafi, ka tambaye shi dalili, ka ga yadda zai yi ta kame-kame.

Sai batun ruwan kansa, wanda nan ma ana cutar mutane ko da ba a sace musu komai ba. Ba duk rezin ne ke jure waje ba. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne ifoksi, ɗan uwan Araldite ɗin nan mai bututu biyu da ake gaurayawa. Yana da kyau a abin maƙala makulli ko adon tebur, amma hasken rana na mayar da shi rawaya, zafi kuma na sa mai arharsa ya yi laushi. Ka tuna a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40 a inuwa, bonet ɗin da ya wuni a rana kuwa ko taɓa shi ba ka iya yi. Masu yin tambarin da zai zauna a jikin mota sun fi amfani da wani nau'in foliyuretan da aka yi shi musamman don kada ya canza launi a rana, kuma ya fi tsada. Haka nan in ba a auna ruwan biyu daidai yadda kamfani ya rubuta ba, abin ba zai taɓa ƙamewa sosai ba, zai yi ta danƙo yana kama ƙura. Tawadar firinta ta gida ita ma ba ta jure rana, ja ne ke fara gudu. Saboda haka wanda ya ce maka zai zuba da safe ya ba ka da yamma ka maƙala, ko bai san aikin ba ko ya raina maka wayo. Irin wannan ruwan yakan so kwana ɗaya zuwa uku kafin a taɓa shi, ƙarfinsa kuma bai cika sai ya kai kamar mako.

Mutumin yana da wata ƙafar kuma: sayar da "na asali, sabo dal, ragowar sito". Kwafinsa ne yake sa wa a tsohuwar leda. Na ga yana tallata tambarin Wolfsburg (garin kamfanin Volkswagen a Jamus), mai hoton ganuwa da kyarkeci, wai na bonet ɗin Volkswagen haɗin Legas. Alhali tun farkon shekarun 1960 kamfanin ya daina sa wannan tambari a bonet, masana'antar Legas kuwa sai a 1975 ta fara aiki. Wanda bai san wannan ba, me zai sani game da sito? Kuma ina kyautata zaton tambarin asali da ake gani jefi-jefi a shafin nasa, waɗanda yake tsuga wa kuɗi, na bayin Allah ne da suka turo gyara.

Ni dai shawarata, kada tambarinka na asali ya hau motar haya zuwa wurin wanda ba ka taɓa gani ba, komai daɗin bakinsa. In aikin ya zama dole, ka je da ƙafarka, ko ka tura wanda ka yarda da shi, a zuba silikon a gabansa, washegari a karɓo. Kafin ya bar hannunka ka ɗauki hotonsa gaba da baya, kusa-kusa, har da duk wata tsaga da lamba ko rubutun da ke bayansa, ka aza shi a ƙaramin sikeli ka rubuta nauyinsa. Ka ce mai aikin ya kira ka ta bidiyo daga shagonsa, ya nuna maka mazubi da galan ɗin ruwan da yake amfani da shi, ka karanta abin da ke jiki. Ka nemi ya nuna maka aikinsa da ya shekara a jikin mota, ba wanda aka zuba jiya ba, don rezin kowane iri yana da kyau a ranar farko. Hotunan tallarsa kuma ka sa su a manhajar binciken hoto ta Google, sau da yawa za ka tarar na wani shago ne a Turai ko Amurka aka kwaso. Asusun da sunansa ya saɓa da na mai sana'a, kada ka tura ko sisi. Bakanikenka da mai fentinka su ma ka ja musu kunne, don wani lokaci ta hannunsu ake bi, a ce su kawo tsofaffin tambura a musanya musu da sababbi kyauta.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru, shirun ne ke ba mutumin damar komawa kan na gaba. Kada ka goge hirarku. Ka adana saƙonnin murya, da shaidar tura kuɗi, da lambar asusun, da sunan tashar da direban da ya kai kayan. Ka sanar da bankinka da wuri, ka kai ƙara ofishin 'yan sanda, don karɓar kayan mutum da sunan gyara a riƙe cin amana ne a doka, ba saɓanin ciniki ba. Ana iya kai koke EFCC, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. In kun kai ku biyu ko uku da ya yi wa haka, ku haɗa takardunku ku shigar tare, an fi saurin sauraron ku. Sannan ka riƙa leƙa shafukan sayar da kayan tsofaffin motoci, na gida da na waje, kana gwadawa da hotunan da ka ɗauka. In ka ga naka, ka ɗauki hoton tallar da sunan mai sayarwa kafin ka yi masa magana, don da ya ji motsi zai sauke ta.