Tanki mai shamaki don kifin betta: wanne zaka saya, wanne zaka bari a kanti

Duk wanda ya fara ajiye betta, ɗan ƙaramin kifin ado, ba ya daɗewa zai ji yana son na biyu, kalolinsu basa ƙarewa ai. Matsalar ita ce maza biyu basa zama a ruwa ɗaya, in ka haɗa su zasu yi ta yagar juna har ɗaya ya nakasa ko ya mutu, don asalinsa kifi ne mai tsare yankinsa, kuma a Tailan inda ya fito an daɗe ana zaɓen masu zafin faɗa ana haɗa su su hayayyafa. Shi yasa mutane ke komawa tanki ɗaya a raba shi da shamaki, kowa da ɗakinsa. Dabarar tana aiki, amma ba kowane abu da aka rubuta "na betta" a kwalinsa ne ya dace da kifin ba, wasu ma gaskiya azabtarwa ce kawai aka yi wa kwalliya.

Bari mu fara da waɗannan ƙananan akwatunan roba da ake sayarwa a rabe gida biyu ko uku, masu 'yar fitila a sama. Su ne mafi arha kuma su ne zaka fara cin karo da su. Kar ka saya. Wasu ɗakin kowane kifi bai kai lita 2 ba, babu wurin sa hita, babu filtar kirki, ruwan yana lalacewa cikin kwana kaɗan saboda kashin kifin da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma tana ƙona masa jiki da wurin numfashi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne betta yana da wata gaɓa ta musamman da yake shaƙar iska da ita daga saman ruwa, so ko ruwan ya ɓaci zaka gan shi da rai yana ɗagowa yana shaƙa, sai a ce ai yana lafiya. Ba lafiya bace, jurewa yake. A can inda ya fito gonakin shinkafa ne da fadamu, ruwan ba zurfi amma yana da faɗi sosai ga ciyayi ta ko'ina, ba kofi bane.

Lissafin da ya kamata ka riƙe kafin ka kalli komai: kowane kifi ya samu kamar lita 19 zuwa 20 nasa shi kaɗai, bayan an raba. Ba jimillar tankin zaka duba ba, rabon kowa zaka duba.

To a nan tankuna biyu ne aka fi samu. Akwai na galan 10, wato wajen lita 38, in ka raba biyu kowa ya tashi da lita 19 a takarda, amma ka tuna yashi zai ci wuri, itace da duwatsu zasu ci, kuma ba cika shi zaka yi har baki ba, so abin da ya rage bai kai haka ba. Yana yi dai, shi ne iyakar ƙanƙantar da zan yarda da ita, kuma gida biyu kawai, kar wani ya ce maka uku. Sai na galan 20 mai tsawo, wajen lita 75, tsawonsa kamar santimita 76, faɗi da tsayi wajen 30. Wannan shi na fi so nesa ba kusa ba, saboda betta faɗi yake so ba zurfi ba, musamman masu doguwar jela irin halfmoon da jelar ke musu nauyi, hawa da sauka don shaƙar iska yana gajiyar da su a tanki mai tsayi. Raba shi biyu kowa ya samu wajen lita 37, raba uku kowa 25. Akwai masu raba shi huɗu suna cewa ai lissafi ya bada 19, eh ya bada, amma kowane ɗaki faɗinsa santimita 19 ne kacal kuma na tsakiya biyun suna da abokin gaba hagu da dama, basu da inda zasu juya su huta. Ni dai ba zan yi ba.

Shamakin kansa shi ne inda maganar take, a nan aka fi yin kuskure.

Na gilashi ko roba mai garai-garai da ake gani ta ciki yana da kyau a ido, kifayen biyu suna ta buɗe kumatu suna baza jela wa juna, mai kallo ya ji daɗi. Amma wannan bazawar ba wasa bace a wurinsu, barazana ce, shirin faɗa ne. 'Yan mintuna kaɗan a rana ba komai, amma ace tun safe har dare yana ganin wanda ya shigo masa yanki kuma ba zai iya korarsa ba, wallahi yana cinye kifin, zaka ga kala ta dushe, wani ya daina cin abinci, wani ya koma cizon jelarsa da kansa, daga nan ruɓewar jela ta samu ƙofa. Akwai waɗanda ke sabawa su daina kula juna, gaskiya ne, amma ba zaka san halin naka ba sai ka riga ka saya, don haka tun farko ɗauki mai duhu wanda ba a gani ta cikinsa. Ko namiji da mace ne haka, shi zai yi ta gina sheƙar kumfa yana kai gwauro yana kai mari a jikin shamakin, ita kuma ba ta da sukuni.

Sai ragar roba, irin wadda ake yin saƙar hannu a kanta, ana yanka ta daidai faɗin tankin a maƙale gefe da gefe. Arha ce kuma ruwa yana wucewa sosai, so hita ɗaya da filta ɗaya sun isa duka ɗakunan. Illarta biyu: ana ɗan gani ta ramukan, kuma tana lanƙwashewa. Betta in ya ga 'yar kafa zai matse jikinsa ya wuce, ta gefe ko ta ƙasa inda yashi ya zame, dare ɗaya ya isa a yi ɓarna. In ita zaka yi to ɗauki baƙa, ka haɗa biyu ramukan su saɓa da juna, ka binne ƙasanta cikin yashi har ta taɓa gilashin ƙasa, sannan ka goge bakin da ka yanka don ƙaramin tsini yana yaga jela. Waɗanda ake sayarwa a shirye masu maƙalewa da 'yan ƙarafa ko robar tsotsa su ma ka dudduba su da kyau, robar tsotsa tana saki in ta tsufa, ƙarfen kuma wani yana tsatsa.

Akwai na soso mai kauri, santimita 3 zuwa 5, ana yanka shi ya ɗan fi faɗin tankin kaɗan sai ya matse kansa ba kafa ko ɗaya. Ba a gani ta cikinsa, ruwa yana ratsawa a hankali, kuma bakteriya masu amfani da ke cinye amoniya suna zama a jikinsa, kaga ya zama shamaki ya zama filta. Yana cin wuri dai kuma yana tara datti, sai kana tsotse jikinsa lokacin canjin ruwa. A tanki na lita 38 zai matse kifayen, a na 75 kam ba matsala.

Wanda na fi yarda da shi a tanki mai tsawo shi ne shamaki biyu masu duhu da ƙananan ramuka, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu a tsakani, sai a sa hita da filta a cikin wannan lungun. Kifayen basa ganin juna, ko ɗaya ya tsallake na farko bai kai ga ɗan'uwansa ba, ɗumi yana rarrabuwa ta ɓangare biyu daidai, ga kuma ƙarfin ruwan filta baya bugun kowa kai tsaye, wanda abu ne mai muhimmanci don betta baya son ruwa mai gudu.

Na ƙarshe shi ne shamakin da aka liƙe da silikon gaba ɗaya ba rami, ruwan wannan baya haɗuwa da na wancan. Amfaninsa babba ne ta fannin cuta, domin duk sauran da na lissafa ruwa ɗaya ake sha, in ɗaya ya kamu da cutar fararen ɗigo ko wata ƙwayar cuta to ka ɗauka duka sun kamu, magani ma sai ka yi wa tankin kaf. Amma fa a nan kowane ɗaki sai da hitarsa da filtarsa, kuma in ka liƙe ka liƙe kenan. Silikon ɗin ya zama na tankin kifi, wanda ba a sa masa maganin hana fumfuna ba don wannan guba ne ga kifi, ka bar shi ya bushe aƙalla kwana biyu kafin ruwa ya taɓa shi. Kuma in har zaka sayi hita biyu filta biyu, to tsaya ka tambayi kanka ko tankuna biyu daban na lita 20 ko sama basu fi ba, don kusan kayan ɗaya ne, kuma zaka iya nisanta su yadda kake so. In wuri ne ya matse maka shikenan, in ba haka ba tanki biyu daban ya fi kwanciyar hankali.

Murfi ba zaɓi bane. Betta yana tsalle, plakat mai gajeriyar jela ma ya fi kowa, so shamakin ya kai har jikin murfin ba tazara, ka kuma sauke ruwan kamar santimita 4 ko 5 daga baki, hakan ya bar masa iska mai ɗumi a sama da zai shaƙa.

Sauran kayan a taƙaice: hita mai saiti ka riƙe ruwan tsakanin digiri 24 da 28, wat 50 ta isa lita 38, na 75 kuwa nemi mai wat 75 ko 100, ka sa ma'aunin zafi a ƙarshen da ya fi nisa da hitar don can ne yake fara sanyi. Filtar soso mai aiki da famfon iska ta fi dacewa. Sayi maganin cire kilorin da kayan gwajin ruwa tare da tankin, ba daga baya ba, ka kunna komai ya yi sati huɗu zuwa shida kana ɗan sa abin da bakteriya zasu ci har gwaji ya nuna amoniya da naitirait (wata gubar da amoniya ke komawa in bakteriya sun ci ta) sifili kafin kifi ya shiga. Bayan nan canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati. Tsirrai masu rai irin anubias suna da sauƙi, ka jera su a jikin shamakin su ƙara rufe ido, na roba masu kaifi kuwa bar su.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa a lissafin saye shi ne tanki na ajiya, ko da roba ce mai tsabta ta lita 15 zuwa 20 da ƙaramar hita. Sabon kifi a nan zai fara zama sati biyu zuwa huɗu kafin ya shiga ruwan da wani ke ciki, mara lafiya ma nan zaka kai shi. Kuma bayan ka zuba su a tankin mai shamaki ka sa ido sosai a makonnin farko, in ka ga ɗaya ya manne jela da jiki, ko layuka sun fito masa a tsawon jiki, ko kullum yana sintiri a jikin shamakin ya ƙi abinci duk da gwajin ruwa ya fito daidai, to wannan kifin zaman maƙwabtaka bai karɓe shi ba, cire shi ranar ka ba shi tanki nasa.