Rana, iska, ruwa ko kashin dabbobi: me ya kamata yanki ya saya in zai rage dogaro da dizal?

Kowace lita ɗaya ta man dizal da janareto ya ƙona tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta kuma ba da wuta kilowat-awa (ma'aunin yawan wutar lantarki) 3 zuwa 3.5 in an ɗora masa lodi daidai. Ƙauye, asibiti ko rukunin masana'antu da ke son rage wannan hayaƙi suna da zaɓi huɗu. Kafin a taya ko ɗaya, a ɗauki mako biyu ana rubuta wutar da ake ci awa bayan awa. Yawancin kuɗin da ake asara, a nan ake asararsu: an sayi kaya ba a san lodin dare ba.

Hasken rana shi ne mafi sauƙin girkawa, kuma kuɗin samar da wutarsa a manyan tashoshi ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023, a ƙididdigar IRENA, hukumar duniya mai kula da makamashi mai sabuntuwa. Inda rana ta wadata, farantan sola masu ƙarfin kilowat 1 suna ba da kilowat-awa 4 zuwa 5 a yini. Zafi na rage musu ƙarfi da kusan kashi 0.35 cikin ɗari a kan kowane digiri sama da 25, don haka a bar iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsu. Inuwar reshe guda kan iya durƙusar da layin faranti gaba ɗaya. A zaɓi kwanturola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga faranti, irin MPPT mai tatso iyakar wutar farantan, da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, mai jure wutar da injina ke ja lokacin tashi, wadda kan kai ninki uku zuwa bakwai na abin da aka rubuta a jikinsu.

Batir ne inda kuɗi ke nutsewa. Na dalma ya fi araha a ranar saye, amma rabin cajinsa kawai ake iya sha ba tare da an kashe shi ba, kuma ƙarin digiri 10 na zafi a ɗakin da yake yana raba shekarunsa biyu. Na litiyom irin LiFePO4 ana shan kashi 80 zuwa 90 na cajinsa, yana kai zagayen caji, wato cikawa da shanyewa, 3,000 zuwa 6,000. In ana buƙatar kilowat-awa 10 da dare, na dalma sai an sayi mai 20, na litiyom kuwa mai 12 ya isa. Kada a haɗa tsohon batir da sabo a layi ɗaya. Tsohon ne zai ja sabon ƙasa. Dabarar da ta fi kowace arha ita ce a mayar da niƙa, walda da turo ruwa zuwa tsakar rana, batirin da za a saya ya ragu.

Injin iska yana da ruɗi. In gudun iska ya ninka sau biyu, wutar tana ninkawa sau takwas, haka kuma take faɗuwa in ya ragu. Wurin da matsakaicin gudun iskarsa bai kai mita 5 a daƙiƙa ba, a haƙura. A auna na tsawon shekara guda a daidai tsayin da injin zai tsaya. Ƙananan da ake kafawa bisa rufin gini, girgiza da iska mai juyi ne ke cinye su.

Inda akwai rafi mai gangare da ba ya ƙafewa, babu kamar ƙaramin injin ruwa. Lita 100 a daƙiƙa da ke faɗowa daga tsayin mita 10 tana ba da kusan kilowat 5, dare da rana, wato kilowat-awa 120 a yini ba tare da batir ba. Sharaɗin shi ne a auna ruwan a lokacin da ya fi ƙaranci, a kuma gina wurin da yashi zai kwanta kafin bututu, in ba haka ba yashin zai goge fukafukan injin.

Gas ɗin kashin dabbobi kuwa girki ya fi dacewa da shi. Kubik mita ɗaya na ɗauke da zafi kusan kilowat-awa 6, amma in aka juya shi wuta bai fi 2 ba, ga kuma iskar farar wuta da ke cikinsa tana cin injin muddin ba a tace ta ba.

Tsohon janareto kada a sayar da shi. A haɗa shi da inbata ya riƙa tashi da kansa in batir ya yi ƙasa, ya yi aiki da lodi mai nauyi na 'yan awanni ya mutu, domin injin dizal da ke tafiya ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa yana tara ɗanyen mai a salansa. A yarjejeniyar saye kuma a sa mai kawo kaya ya rubuta garantin batir da adadin zagayen caji, da inda za a samu fis da allon inbata in sun ƙone.