Siki ko sunobo? Ka ɗauki siki, ɗan'uwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da shiga hunturunka na farko a Japan, Allah Ya sa a ga ƙarshensa lafiya. Tunda abokan aikinka za su tafi da kai garin Yuzawa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma ka rasa wanda za ka kama tsakanin siki, wato dogayen katakai biyu da ake ɗaura ɗaya a kowace ƙafa, da allon nan guda da Japanawa ke ce wa sunobo, ba zan ja ka da nisa ba: ka ɗauki siki. Duka biyun na taɓa saya da kuɗina. Sikin yana nan jingine a bakin ƙofata, sunobon kuwa ko shekara bai yi a hannuna ba na bayar da shi.

Shekarata ta shida ke nan a Nagaoka, cikin jihar Niigata. Mu a gida hunturu ƙura yake kawo mana daga Sahara. Nan kuwa iskar Siberiya ce ke ratso Tekun Japan, ta kwashi danshi, ta zo ta bugi duwatsu ta sauke shi dusar ƙanƙara, wani lokacin kwana da kwanaki ba tsayawa. Har bututu suka binne a tsakiyar tituna yana fesa ruwan ƙarƙashin ƙasa don ya narkar da ita. Duk da haka kowa sai ya fito da sassafe ya share ƙofar gidansa da shebur, kuma wanda bai fito ba, ba wanda zai ce masa uffan, amma an gani.

A wajen wannan shara muka saba da maƙwabcina, wani dattijo da ya ba saba'in baya. Watanni muna gaisawa da sunkuyar da kai kawai. Wata safiya na gama gabana na ci gaba na share nasa, saboda na lura bayansa yana damunsa. Ranar Asabar sai ga shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce in sa kaya masu kauri. Ya kai ni wani ƙaramin filin siki da 'yan unguwa ke kai yaransu, ya karɓo mini haya, ya durƙusa da kansa ya ɗaure mini takalmin. Sannan ya ɗauki sandarsa ya zana wani harafi a kan ƙanƙara: layi biyu, kawunansu sun kusa haɗuwa a sama, ƙafafunsu sun buɗe a ƙasa, kamar jinkar ɗaki. Harafin "ha" ne na rubutunsu. Ya ce haka zan riƙe katakan nan biyu, baki a haɗe, baya a buɗe. In ina son tsayawa in ƙara buɗe bayan. Yana gabana yana tafiya da baya yana kallona, abin da yake ta faɗa kawai shi ne "ha no ji, ha no ji". Kafin azahar na sauko gangaren 'yan koyo ni kaɗai, na tsaya a inda na yi niyyar tsayawa. Da muka zauna hutawa ya buɗe ƙunshin da matarsa ta haɗo mana, curin shinkafa ne da kifi a ciki, domin ta ji an ce ba na cin naman alade. Da na ce zan yi salla, shi ya nemo mini lungu a ɗakin hutawa, ya zauna kusa da kayana har na idar. Tun daga ranar na daina zama baƙon da ake gaisarwa daga nesa a layinmu. Har yau idan na tuna zanen nan a kan ƙanƙara sai in ji zuciyata ta yi sanyi.

Wannan shi ne babban dalilina, kuma ya wuce batun wasa. Siki ya daɗe a jinin mutanen nan. Tun 1911 wani sojan Ostiriya mai suna Lerch ya koyar da shi a Takada, nan cikin Niigata. Sapporo ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1972, Nagano ta karɓa a 1998. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ɗimbin matasa a ƙasar nan sun hau siki, kuma waɗannan matasan su ne shugabannin sashenku a yau. A yankunan da ƙanƙara ke zuba, makarantu da yawa suna koya wa yara shi a darasin motsa jiki. Saboda haka duk wanda ke cikin motar da za ku tafi, da wuya a rasa mai iya tsayawa ya gyara maka ƙafa. Mutumin da shekara guda bai gaya maka komai ba sai maganar aiki, a kan kujerar lif da ke haurawa da mutane saman dutse, kuna lilo a sama ku biyu, sai ka ji ya fara ba ka labarin 'ya'yansa.

Ga kuma jiki. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba, siki ya fi yi masa adalci. Fuskarka tana kallon inda za ka, ƙafafunka biyu kowace da 'yancinta, ga sanduna a hannu. Idan ka faɗi da ƙarfi, maɗaurin da ke riƙe takalmin yana sakinka da kansa. Aibinsa shi ne takalmin, tauri gare shi kamar an zuba maka siminti, hawa matakala da shi wahala ne, kuma gwiwa ce ke ɗaukar nauyin kuskure. Idan kana da tsohon ciwon gwiwa na ƙwallo, ka bi a hankali.

Sunobo kuma, to, takalminsa ya fi daɗin tafiya, matasa suna son sa, kuma Hirano Ayumu da ya ci zinare da shi a Beijing a 2022 ɗan jiharmu ne, daga Murakami. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan. Ƙafa biyu a ɗaure kan allo ɗaya, kana tafiya a karkace, da gefen allon ya ciji ƙanƙara ta inda ba ka shirya ba sai dai ka ji ka a ƙasa, ko ta ƙeya ko ta wuyan hannu. Ni wuyan hannuna na dama ne ya bugu, na yi mako uku ina aiki da bandeji.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa. Kada ka sayi komai a wannan tafiyar ta farko, ka karɓi haya. Idan filin siki na Gala Yuzawa za ku, tashar jirgin ƙasan nan mai gudu, shinkansen, tana haɗe da filin, tafiyar kamar awa ɗaya da kwata ce daga Tokyo, kana sauka ga wurin haya nan a cikin ginin. Abin da za ka saya naka shi ne safar hannu da ruwa ba ya ratsawa, tabarau na ƙanƙara, da safa doguwa, domin wurare da yawa ba sa ba da hayar irin waɗannan. Hular kwano kuma ka sa ta ko da ka ga wasu ba su sa ba.

In ka zo saye daga baya, ka yi hattara da masu sayar da na hannu a intanet. Gaskiya ne Japanawa suna da amana, amma kasuwa kasuwa ce a ko'ina. Sunobon da na saya, mai shi ya rubuta cewa sau biyu kacal aka hau, ya sa hotuna huɗu masu ƙyalli. Da ya iso sai na tarar ƙarfen gefensa ya yi tsatsa, bakin allon kuma ya fara ɓarewa, daidai wurin da bai ɗauka a hoto ba. A ƙasan tallar ya riga ya rubuta ba ƙorafi, ba mayarwa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne tsohon takalmin siki. Robarsa tana ruɓewa a ajiye saboda danshin bazarar ƙasar nan, a ido ka gan shi sumul kamar sabo, sai ka shiga sanyi ya tsage maka a tsakiyar gangare. Duk wanda ba zai gaya maka shekarar da ya sayi takalmi ba, ka bar masa kayansa. Kuma ba Japanawa kaɗai ba, har baƙi 'yan'uwanmu masu shirin komawa gida da ke son kwashe ɗaki cikin kwana biyu, a bincika kafin a biya. Ka je unguwar Kanda Ogawamachi a Tokyo, shagunan kayan siki ne a jere, su auna ƙafarka da santimita, ka sa takalmin ka zaga da shi cikin shagon. Wajen saita maɗauri za su tambayi nauyinka da tsawonka da shekarunka da iyawarka. Ka gaya musu kai ɗan koyo ne, don da wannan suke sanin ƙarfin da zai sake ka. Zuwa watan Maris farashin kaya kan sauko.

Ranar tafiya ka yi rajistar darasin rabin yini, kada ka biye wa abokai su hau da kai can ƙololuwa tun da safe, kuma kada ka tsallake igiyar da aka kewaye hanya da ita. Ka yi guzurinka daga gida ko ka tsaya ƙananan kantunan nan da suke ce wa konbini, saboda shinkafa da miyar kori da taliyar ramen da ake sayarwa a can yawanci da alade a ciki. Ka sayi 'yar jakar ɗumin nan da suke kira kairo ka jefa a aljihu, za ka gode mata bayan alwala.

Nagaoka ba ta da nisa da Yuzawa, layin jirgi ɗaya ne. Ka sanar da ni ranar da kuka tsayar. Ina da hular kwano da tabarau na biyu da ba na amfani da su, idan ba ni da aiki ranar zan kawo maka su har tasha.